Kwamitin Lauya

Kafin wani a cikinku ya ce ina da neman magana, bari in riga shi faɗa: ina da shi. Tun ina 'yar shekara takwas aka sa mini suna Lauya a gida, saboda ko ruwa aka ce in kawo sai na tambayi wa zai sha, kuma me ya sami ƙafarsa. Yanzu ina da ashirin da tara, sunan bai sake ni ba, ni ma ban saki halin ba. Abin da zan ba ku yau ya faru ne tsakanin Laraba da Alhamis.

Ga waɗanda yau suka fara bina, ina aiki ne a shagon tabarau, a hawan ƙasa na wani gini mai hawa huɗu. Likita ya auna ido ya rubuta, ni in yanka gilashin, in zaunar da shi a firam, in lanƙwasa hannun tabarau har ya daina cizon kunne. Kuskuren da bai kai ƙwayar shinkafa ba zai sa mutum ya wuni da ciwon kai, shi ya sa idona ya saba da neman abin da ya karkace.

Maza shida dangi suka kawo mini cikin shekara biyar. Akwai ɗan abokin marigayi Baba, akwai ƙanin mijin Yaya, akwai wani likitan haƙori da ya yi minti arba'in yana ba ni labarin dasashi. Duka na sallame su. Ranar da na shidan ya tafi na tsaya a tsakiyar falo na ce wa Mama, duk namijin da ya biyo ta hannun dangi, ko da zinare aka ƙera shi, ba na so. Ba wai mazan ba su da kirki ba ne. Abin da na tsana shi ne a zauna a kaina kamar ana shawarar inda za a ajiye kujera.

Sai ga Safiyo. Aikinsa auna filaye, ofishinsu yana hawa na uku a gininmu. Wata bakwai da suka wuce ya shigo shago da tabarau a tafin hannu, hannu ɗaya ya karye. Na gyara, ya yi godiya, ya tafi, ko kallon kirki bai yi mini ba. Bayan kwana biyu sai ga saƙo: "Tabarau ya zauna daidai. Allah ya ƙara basira." Na ce wane ne, kuma a ina ya samu lambata? Ya ce a kwaminitin gini, wato wannan babban zauren da manajan gini ya buɗe a manhajar hira ya zuba mu duka a ciki. Na yarda. Lauya guda, na yarda ban ƙara tambaya ba.

Ku 'yan mata za ku gane abin da ya kama ni. Mutumin nan ba ya kira da safe, ni kuma na tsani wayar safe. Ba ya sa turare mai hawa kai, ni kuma turare mai ƙarfi atishawa yake sa ni. Bai taɓa turo mini "kin ci abinci?" ba. Kyautarsa ta farko wasu 'yan ƙananan sukundireba ne a akwatin fata, irin na masu gyaran agogo, sai da na shiga bayan kantar shago na rungume akwatin kamar mahaukaciya. Da na kai maganarsa gida, Goggo, yayar Baba, ta taɓe baki ta ce gajere ne. Mama ta ce ita ba ta san asalinsa ba. Wata biyu na yi ina yaƙi a kansa, har na daina gaishe da Goggo na sati guda, kafin suka sauko. Daɗin da na ji ranar ba ya faɗuwa, don wannan dai ni na zaɓo shi da idona. Aka sa Asabar ɗin nan iyayensa za su zo wajen Baffa, ɗan'uwan Baba.

Ranar Laraba da hantsi soket ɗin injin yankan gilashi ya fara tartsatsi. Akwai mai gyaran wuta a hawa na huɗu, na san yana cikin kwaminitin gini, sai na buɗe don in ɗauki lambarsa. Ga sunansa ɓaro-ɓaro, amma babu lamba. Na danna, na sake dannawa, shiru.

"Doguwa, zo ki ga wayata ta fara iskanci."

Doguwa ita ce mai karɓar baƙi a shagonmu. Ta girme ni da shekara shida, kuma duk abin da ya shafi waya ita ake kai wa. Ta leƙo ta saman kafaɗata tana taunar cingam.

"Wayarki lafiyarta ƙalau, ke ce ba ki san bambanci ba. Kwaminiti ai ba guruf ba ne."

"Duk ba hira ba ce?"

"Ina. Guruf ɗaki ɗaya ne, kowa na ganin kowa, da lambarsa da komai. Kwaminiti kuwa gida ne mai ɗakuna da yawa. Wannan na sanarwa da kike ciki tsakar gida ce, admin ne kaɗai ke magana, ku saura ku karanta. A nan ba a nuna miki lambar wanda ba ki da ita. Sai in kun haɗa ɗaki, ko kuma ke admin ce."

Ta koma kujerarta. Ni kuwa na tsaya da waya a hannu, na manta da soket, na manta da gilashin da ke jirana.

Guruf huɗu ne a ƙarƙashin kwaminitin gininmu: na shagunan ƙasa, na ofisoshin sama, na matan gini, da na masu ajiye mota. Ni ina na shagunan ƙasa da na mata. Ba ni da mota, ko keke ba ni da shi. Safiyo yana na sama da na mota. Babu ɗaki ɗaya da muka haɗa. Admin kuma mutum biyu ne, manaja da sakatariyarsa.

"Doguwa, tun yaushe abin yake haka?"

"Tun da aka buɗe shi. Me ya faru, fuskarki ta canza?"

"Babu komai."

Na cire rigar aiki na haura ofishin manaja da ƙafa, ban jira lif ba. Na same shi yana shan shayi. Na tambaye shi ko wani ya taɓa neman lambata a wajensa ko wajen sakatariya. Ya ajiye kofin ya ce shi ya kafa dokar hana bayar da lambar kowa, musamman ta mace, kuma a kan haka ya taɓa korar mai gadi. Sakatariyar ta ce ita ko sunan Safiyo ba ta sani ba, "mai hular rana" take ce masa.

A kan matakala na rubuta masa, har da 'yar fuskar murmushi don kada ya gane: "Tuna mini, a ina ma ka ce ka samu lambata?"

Ya karanta nan take. Yana rubutu. Ya tsaya. Yana rubutu. Ya sake tsayawa. Na ƙirga, sau uku.

"A kwaminitin gini mana. Lafiya dai?"

"Lafiya lau."

Ƙarya ce ƙarama, na sani. Amma ita ce amsa ta farko da ya taɓa ba ni a duniya. Na wuni ina juya ta. Ko bibiyata ya yi? Ko wata tsohuwar budurwarsa ce a guruf ɗin mata ta ba shi? Ko haka yake yi, ya bi hawa-hawa yana tsintar lambobi? Har gilashin wani dattijo na juya, na sa na dama a hagu, abin da ban taɓa yi ba tun ina koyon aiki.

Da na koma gida na tarar an kwance labulen falo an rataya sabo mai ruwan zuma, an ja kujeru an share ƙarƙashinsu, Mama na durƙushe tana goge ƙafar tebur da tsumma. Yaya ta zo daga gidanta da jakar kaya, ta baje riguna uku a kan gadona: wata doguwa ruwan toka mai aikin zare a wuya, wata shuɗiya mai faɗin hannu, da wata ruwan hoda da ko gawata ba za ta sa ba.

"Ruwan tokar za ki sa," in ji Yaya. "Ita ce kalarsa."

"Kalar wa?"

"Ta mutumin naki mana."

"Wa ya gaya miki?"

Ta ɗauki mayafi tana ninkewa. "Ke kika faɗa."

Ban faɗa ba. Na san yana son ruwan toka, amma ni ba na hirar saurayi da Yaya, don bakinta ba ya riƙe ko ruwa. Na fito falo na tsaya a kan Mama.

"Mama, wai an yi bincike a kansa kuwa?"

"An yi."

"Wa ya yi? Yaushe?"

"An yi, na ce miki. Ki matsa kina tare mini haske."

Matar da ta aika har wajen aikin likitan haƙori aka tambayo ko yana da saurin fushi, yau ita ce ke ba ni amsa da kalma biyu. Na ga ta ɗago ta kalli ƙofar ɗakina, Yaya na tsaye a bakin ƙofar, suka haɗa ido suka raba da sauri. Na sha jinin jikina, amma ban san ta inda zan kama zaren ba. Sai na sa a raina ko sun gano wani abu mummuna a kansa suna ɓoye mini don kada a fasa. Na ɗauka iyakar abin ke nan, ku ji wauta.

Wadda ta warware mini komai, ba da niyya ba, Goggo ce.

Goggo tsohuwar shugabar makaranta ce. Ta yi ritaya, amma ba ta daina jera mutane a layi ba. Duk guruf ɗin danginmu ita ce admin. Ranar Alhamis da rana wayata ta yi ƙara, na ga an saka ni a wani sabon abu mai suna Zuri'ar Gidanmu, ga saƙon murya na minti huɗu. Ta ce ta gaji da warwatsewa, an koya mata kwaminiti a wajen taron tsofaffin malamai, daga yau duk guruf-guruf ɗin gida ta tattara su wuri ɗaya, sanarwa ɗaya za ta riƙa yi kowa ya ji, kuma wanda ya turo mata hoton fure da safe ta cire shi.

Na yi dariya, ta farko tun Laraba. Na buɗe jerin mutane don in ga wa da wa aka kwaso. Baffa, 'ya'yan Baffa, matan yayyena, jikokin Kaka. Ina gangarawa sai yatsana ya tsaya.

Safiyo. Da sunan da na yi masa ajiya a wayata, a tsakanin ɗan Goggo da mijin Yaya.

Na miƙa wa Doguwa wayar.

"To ai ya kusa zama ɗan gida," in ji ta. "Ƙila Goggonku ta saka shi."

"Goggo da ke ce masa gajere? Ko lambarsa ba ta da ita."

Doguwa ta daina tauna. Ta ja kujera ta zauna kusa da ni, ta rage murya duk da babu kowa a shagon.

"Lauya, in aka jona guruf a kwaminiti, duk mutanen cikinsa ake kwasowa, ba a tambayar kowa. In ba saka shi aka yi da hannu ba, to yana cikin ɗaya daga ɗakunan gidanku ne tun da can."

"Wane ɗaki?"

"Ki duba. Wani bambancin ke nan. Guruf in ba kya ciki, ba ki ma san da shi ba. A kwaminiti kuwa ana jera miki sunayen ɗakuna, har waɗanda ba kya ciki, sai dai in admin ta ɓoye su. Goggonku da aka koya wa jiya, ina ta san ɓoyewa?"

Na gangara ƙasa. Ga guruf ɗin da nake ciki, na matasa da na matan gida. A ƙarƙashinsu ga waɗanda zan iya neman shiga: Iyaye. Masu Jinyar Kaka. Sai na ƙarshe, ba hoto, mutum tara.

Kwamitin Lauya.

Wallahi sai da na karanta shi sau uku, kamar mai gwajin ido a layin ƙasa.

"Kada ki danna," in ji Doguwa. "Ki je gida ki tambaya da baki. Abin da ba ki gani ba kina iya yafe shi."

"In na tambaya da baki su ce na shirin biki ne."

"Ƙila na shirin bikin ne."

"Da ango a ciki, babu amarya?"

Na danna neman shiga. Na ajiye wayar a kan kanta, na ɗauki wani firam ina gogewa, firam ɗin da na riga na goge. Na san Goggo za ta gani ta ƙi, amma aƙalla za ta san na gani. Ban yi lissafi da Baffa ba. Baffa mutum ne da ba ya iya ganin alamar saƙo a waya ya bar ta, komai ya fito sai ya danna, a haka ya taɓa kiran dangi talatin da bidiyo yana aski. Kuma saboda girmamawa Goggo ta ba shi admin a ko'ina.

Ƙarfe huɗu da minti sha biyu wayar ta yi ƙara. An amince.

Ciki fayau, babu tsohon saƙo ko ɗaya, don wanda ya shigo daga baya ba ya ganin abin da aka yi kafin zuwansa. Amma akwai jerin mutane, kuma akwai bayanin guruf. Mutanen su ne Mama, Yaya, mijin Yaya, Goggo, Baffa, matar Baffa, ɗan Goggo, wata lamba da ban sani ba mai hoton wata dattijuwa da tabarau, da Safiyo. Dattijuwar na gane ta a goshi, irin nasa ne sak. Mahaifiyarsa ce.

Bayanin kuwa rubutun Goggo ne, ko a mafarki na san shi, da lamba-lamba kamar dokar jarrabawa. Kada kowa ya yabe shi a gabanta, in an samu dama a kushe shi kaɗan. Ba kiran safe. Ba turare mai ƙarfi. Kada ya tambaye ta ko ta ci abinci. Kyauta ta zama ta aikinta, ba ta kwalliya ba. In ta tambayi inda ya samu lamba, ya ce a kwaminitin gini. Kada a yi gaggawa, yarinyar tana da wayo.

A can ƙasa, da ƙananan haruffa, manhajar ta rubuta wanda ya buɗe guruf ɗin da ranar da aka buɗe shi. Mama ce. Sati uku kafin ranar da ya shigo da karyayyen tabarau.

Ban yi kuka ba. Kunya na ji, irin wadda ke sa kunne zafi. Na tuna yadda na tsaya a gaban Goggo ina ɗaga murya cewa tsawo ba shi ne mutum ba, ita kuma tana ta taɓe baki, ashe in na fita sai ta ɗauki waya ta ba da rahoto. Na tuna akwatin sukundireba da na runguma. Mutum tara suka zauna suka zaɓa mini shi.

Ina cikin haka saƙo ya faɗo. Ƙarfe huɗu da minti sha biyar. Shi ne.

"Iyayena, ku gafarce ni. Ba zan iya kai wa Asabar da wannan abu a raina ba. Yau zan je in gaya mata komai. In ta kore ni, ta yi daidai."

Doguwa, da ke karantawa ta gefena, ta dafa ƙirji. "Allah sarki. Kin gani ko? Yana da imani."

"Dubi lokaci."

"Me ya sami lokaci?"

"Na shiga da sha biyu, ya rubuta da sha biyar. A guruf, in mutum ya shiga, ba a rubuta wa kowa cewa wance ta shiga?"

Ta kau da ido daga wayar.

"Ana rubutawa ko ba a rubutawa, Doguwa?"

"Ana rubutawa. Amma ba kowa ke lura ba, ɗan ƙaramin layi ne."

Sai ga Baffa: "Salamu alaikum. Na ga wani abu ya fito na danna, Allah ya sa alheri ne." Bayansa Goggo, da manyan haruffa: "WA YA SAKO YARINYAR NAN?" Daga nan waya ta fara ruri, Yaya, Goggo, Yaya, matar Baffa. Mama kaɗai ba ta kira ba. Na kashe ƙarar, na gama aikin mutum biyu da ke jira, na rufe injin, na tafi gida.

Na samu Mama a falo ta idar da sallar magariba, tana zaune a kan darduma, wayarta a kife a gefe. Ba ta yi kamar ba ta sani ba, wannan na ba ta.

"Zauna, Lauya."

"A tsaye ma ina ji."

"Uwarsa ƙawata ce tun muna aiki tare a asibiti. Na san yaron tun yana rarrafe. Shekara biyar ina kallonki kina korar mutane, ba don halinsu ba, don kawai ta hannunmu suka zo. Na ce wannan in na kawo shi ta ƙofa, shi ma kora za ki yi."

"Sai kika tara mini kwamiti."

"Na tara."

"Ranar da na yi kuka a ɗakin nan don kin ce ba ki san asalinsa ba, me kika rubuta musu?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin darduma. "Na rubuta cewa abu ya kama."

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Mama, abu ɗaya na roƙa a rayuwata, a bar ni in zaɓa."

"Ke kika zaɓa. Mun nuna masa shagonku, mun gaya masa abin da ba kya so. Wata bakwai kina dawowa gida kina waƙa a kicin, wannan ba mu muka rubuta ba."

Ina shirin ba ta amsa aka yi sallama a ƙofa. Mama ta naɗe darduma ta shige ɗaki, ta bar ƙofar a ɗan buɗe.

Safiyo ne ya shigo da kayan aikinsa, riga ruwan toka duk ta yamutse, takalmansa da jar ƙasar fili, ko gida bai biya ba. Ya zauna a bakin kujera kamar wanda aka kira ofishin shugaban makaranta. Ni na zauna a kujerar da ta fi nisa, da mayafin aikina, ban kawo masa ko ruwa ba. Ya buɗe baki zai fara, na ɗaga masa hannu.

"Ni zan yi tambaya. Tabarau ɗin, karyewa ya yi?"

"Ni na karya shi. A mota, kafin in shigo."

"Sukundireba?"

"Yayarki ta ce kayan aiki. Ni na zaɓi waɗancan."

"Akwai abin da na taɓa gaya maka da ka kai musu?"

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "Wata ukun farko, ina ba su labari. Ba komai ba, amma ina bayarwa. Daga baya na daina, Goggo har ta yi fushi."

Kowace amsa sai na ji kamar ana zare mini wani abu a ciki. Amma akwai tambayar da na ajiye ta ƙarshe, ita ce tun ƙarfe huɗu take cina.

"Saƙon da ka rubuta yau. Ka ga na shiga kafin ka rubuta shi?"

Ku sani, na shirya wa ƙarya. Da ya ce bai gani ba, da na tashi na buɗe masa ƙofa, in yi kukana na sati biyu, in warke. Har na matsa gaban kujera don in tashi.

"Na gani," ya ce.

Na koma na zauna.

"Na ga sunanki ya fito. Saƙon yana ajiye a wayata tun wata huɗu, in rubuta in goge. Da na gan ki sai na tura."

"Da ban shiga ba fa? Da ka tura?"

Ya daɗe yana kallon tabarau ɗin da ke hannunsa. Daga ɗaki ina jin numfashin Mama a bayan ƙofa.

"Ban sani ba, Lauya. Ina so in ce miki eh. Amma tsoron rasa ki ya fi ƙarfina wata huɗu, ban ga abin da zai sa ya sake ni kafin Asabar ba."

Haushi ya turnuƙe ni, kuma ba haushin ƙaryar ba, haushin gaskiyar. Ya hana ni abin da zan riƙe in tsane shi da shi. Ina kallonsa, gajeren mutumin da na yi yaƙi a kansa, ina sonsa kamar jiya, kuma ban san wane ɓangare nasa ne nasa ba, wane ne na Goggo.

Na ɗauki wayata na buɗe Kwamitin Lauya. Goggo ba ta cire ni ba, ina jin ba ta gano inda ake cirewa ba ne. Na rubuta a gabansa, yana kallon yatsuna: "Salamu alaikum. Ni ce wadda ake zama a kanta. Kada kowa ya zo ranar Asabar." Na tura.

Wayar Mama ta yi ƙara a ɗaki. Tasa ta yi ƙugi a aljihun rigarsa, har ina ganin haskenta ta cikin yadin. Bai taɓa ta ba.

"An turo maka saƙo," na ce.

"Na ji."

"Ka duba mana."

"Ba zan duba ba. Wata bakwai ana gaya mini ke ta cikin guruf ɗin nan, ya isa haka." Ya mayar da tabarau a fuskarsa, ya dube ni sosai. "Ga ni ga ki. In korata ce, ki faɗa mini da bakinki, in tashi in tafi, ba za ki sake ganina ko a matakala ba."

Ni Lauya, da ban taɓa rasa abin faɗa ba tun ina shekara takwas, na buɗe baki. Kalma shida ce kawai, na riga na rubuta wa mutum tara ita ban ji komai ba. Ya jira. Mama ta jira a bayan ƙofa.

Na kasa faɗa.